Layi ɗaya a direban katin netwok

Yau da yamma sanyin Jos ya hana ni fita, sai na zauna na haɗa kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da W=1 mai kunna ƙarin gargaɗi, a ɓangaren drivers/net inda direbobi suke, wato manhajojin da ke sarrafa katin netwok, can sai ga gcc, kompailan da ke juya rubutun manhaja zuwa harshen na'ura, da gargaɗi wai akwai wata ma'ajiya (variable) a wani layi da aka zuba wa ƙima amma ba a taɓa amfani da ita ba. Mai gaggawa goge layin kawai zai yi, gargaɗi ya ɓace shikenan. To amma layin nan rajistar katin yake karantawa, wato ɗan gurbin da katin ke nuna halin da yake ciki, kuma a irin wannan kati karantawar ce ke share alamar kiran da yake wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ka cire ta kati ya yi ta kira ba ƙaƙƙautawa har intanet ya tsaya cak, kuma kompaila ba zai ce maka uffan ba. Ma'ajiyar kaɗai na cire, na bar karantawar, na rubuta ɗan bayani a samanta saboda na baya.

Wallahi abin ya taɓa ni. Wani bawan Allah ne ya rubuta layin nan tun shekarun baya, ya san katin ciki da waje, ko sunansa ban taɓa ji ba sai yau a tarihin git, inda ake ajiye bayanin wanda ya rubuta kowane layi. Allah ya saka masa da alheri.