Ƙauyen da ya kulle kansa

Ranar Asabar na leƙa wani ƙauye a yankin Dabisha na Ingila, ana rubuta sunansa Eyam amma mutanen wurin "Iim" suke cewa. Wallahi har yanzu jikina a sanyaye yake.

A 1665 aka aiko wa wani tela ƙunshin yadi daga Landan, ashe da annoba a ciki. George Viccars, wanda ya kwance kayan, shi ya fara rasuwa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai limamin cocin St Lawrence, William Mompesson, ya shawo kan jama'a a 1666 cewa ba shiga ba fita, don kada su kai wa maƙwabta ciwon. Nan take na tuna hadisin da ya hana barin garin da annoba ta sauka.

Sama da mutum 250 suka mutu. Matar limamin ma, Catherine, ba ta tsira ba, ga kabarinta nan a harabar cocin, kusa da wani tsohon gicciyen dutse.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dutsen kan iyaka. An huda masa ƴan ramuka, a zuba ruwan khal a jefa kuɗi ciki don gudun yaɗa ciwon, masu kawo abinci daga waje su ɗauka. Na sa yatsana a ɗaya, ruwan sama ne a ciki, da sanyi.

Ita kuwa wata ƴar ƙauyen mai suna Elizabeth Hancock, cikin kwana 8 ta binne mijinta da ƴaƴanta 6, da hannunta. Kaburburan suna can bayan gari a tsakiyar wani fili, an kewaye su da gajeren bangon dutse.