Daga Tiga zuwa Nguru: abin da aikin fadama ya koya mini

Duk wanda ya yi aiki da ƙungiyar kare muhalli a fadamar Haɗeja da Nguru zai gaya maka cewa rabin matsalar wurin daga sama take gangarowa, daga jihar Kano, inda ƙofofin madatsar Tiga da ta Challawa suke. An gama Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, Challawa kuma a 1992. Tun daga nan manomin shinkafa a Guri da masunci a Nguru suka koma rayuwa da shawarar mutanen da ba su taɓa gani ba. Na yi shekaru ina aiki a yankin, ina bin ƙauyuka ina tattara bayanai, ina rubuta rahoto, wani lokaci ina riƙe wa manya jaka zuwa ofisoshin gwamnati. Ƙaruwar da na fi samu ita ce sanin yadda kukan talaka yake isa teburin kwamishina, da inda yake maƙalewa a hanya.

Sai an fara fahimtar abin da madatsun suka yi wa kogin, don da yawa suna zaton rage ruwa kawai suka yi. A da, kogin Haɗeja yakan cika ya tumbatsa a Agusta da Satumba, ya malale fadama, ya janye da kaka, da rani kuma wurare da dama su bushe ƙayau. Wannan cika da janyewa ita ce arzikin wurin. Mai shinkafa ya girbe, mai wake da kankana ya bi laimar da ruwa ya bari, kifi ya hayayyafa, Bafulatani ya sauko da shanu kan ɗanyar ciyawa, rijiyoyi su kawo har can nesa da bakin kogi. Bayan an datse, babbar ambaliyar ta ja baya. Filin da ruwa ke shafewa ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, amma a farkon shekarun 1990 bai kai 1,000 ba, ko da yake fari ma ya sa hannu. Sai kuma aka riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk tsawon rani, saboda gonakin Kadawa da Kura da Auyo da famfunan birnin Kano. Ruwa mara ƙarfi wanda ba ya yankewa, shi doguwar ciyawar ruwan nan, kacalla, take so. Ta toshe hanyoyi, laka ta taru a gindinta, kogin ya karkata ta reshensa na Marma ya nufi Nguru yana cin gonaki, mutanen da ke bakin reshen Burum Gana kuwa suka koma kallon busasshen kwari. Garin da ke kukan ruwa ya yi yawa da garin da ke kukan babu, wani lokaci ɗan gudu kaɗan ne a babur tsakaninsu. Ga tsuntsayen jan-baki da ke kwana cikin kacallar, gari na wayewa su sauka a kan shinkafa da gero.

Masu kare muhalli ta ƙofar tsuntsaye suka shigo. A 1987 aka kafa shirin kula da fadamar, da hannun ƙungiyoyin kare muhalli na IUCN ta duniya da RSPB ta Birtaniya da gidauniyar NCF ta Najeriya, saboda ɗimbin tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai su yi sanyi a nan. Yarima Philip na Birtaniya ya zo wurin kare tsuntsaye na Dagona a 1989, a shekarar 2000 kuma tafkin Nguru da Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar, wato jerin muhimman fadamun duniya. Hakan ya sa wurin ya yi suna a waje, ya kuma jawo kuɗin bincike. A cikin gida kuwa, maganar tsuntsu ba ta tayar da kowa daga kujera. Na sha ganin fuskar jami'i idan aka fara masa bayanin agwagin Turai: zai saurara cikin ladabi, ya ce Allah ya taimaka, ya saci kallon agogo. Wani dattijo a wajen Kirikasamma ya taɓa tare ni ya ce, "Yaro, waɗannan tsuntsaye naku da kuke ƙirgawa, su ne ke cin shinkafarmu ko wasu ne daban?" Na ce, "Wasu ne daban, Baba." Ya ce, "To, in kun gama da naku, ku zo ku ƙirga namu."

Lissafi ne ya fara sa aka saurara. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka ƙiyasta abin da fadamar ke samarwa na noma da kifi da itacen girki, suka kwatanta da abin da aikin ban ruwa na Kano ke samarwa da ruwa daidai wannan. Fadamar ta ninka shi nesa ba kusa ba, alhali ko kiwo da ruwan rijiya ba su shiga lissafin ba. Kafin wannan, a wurin masu tsara madatsu, duk ruwan da ya wuce ƙofa ya malale a fadama asara ce. Yanzu an samu takarda da ke cewa wannan "asarar" tana ciyar da mutane fiye da ruwan da aka tsare. Daga nan na koyi cewa in za ka shiga ofis, ka shiga da buhu nawa aka rasa, gida nawa suka tashi, hanya wacce ta yanke. Ba sai ka ambaci ƙuri'a ba, ɗan siyasa zai yi wannan lissafin da kansa.

Sai dai ni ba na cikin masu tsine wa madatsa, kuma wannan ya sha haɗa ni gardama da abokan aiki. Ƙidayar 1991 ta ba jihar Kano mutum miliyan 5.8, ta 2006 ta ba ta miliyan 9.4, yau kuwa kowa na ganin yadda birnin yake haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da shi. Waɗannan mutane ruwa za su sha, kuma daga Tamburawa da Challawa ake tura musu. Tumatirin Kura da shinkafarta ba Kanawa kaɗai ke ci ba. Duk ƙungiyar da ta je gaban gwamnatin Kano tana magana kamar waɗannan miliyoyin ba su da haƙƙi a kogin, ta gama faɗuwa tun kafin ta zauna. Kuma yawan jama'ar ba a Kano kaɗai yake ba. Jigawa ta tashi daga kusan miliyan 2.9 zuwa sama da miliyan 4.3 tsakanin ƙidayoyin biyu. A cikin fadamar kanta gona ta ci burtali, ta ci mashaya, ƙananan injinan ban ruwa sun cika bakin kogi, kuma kusan kowane gari ya fasa tasa 'yar hanyar ruwa daga kogin zuwa gonakinsa ba tare da ya tambayi na ƙasa da shi ba. Wanda ke kukan Kano ta tsare masa ruwa, shi ma yana tsare wa wani. Faɗar wannan a dandalin gari ba daɗi, amma in ba a faɗa ba, taron ya zama na kuka kawai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani zama da aka yi da wakilan garuruwa, inda aka kawo wani dogon allo aka jingina shi a karkace, an yi masa kwari a tsakiya a matsayin kogi. Ana sako 'yan duwatsun gilashi daga sama, su ne ruwa, kowane wakili kuma an ba shi ɗan tsinke ya tare ya karkato su zuwa gonarsa. Da farko dariya aka riƙa yi, manya da rawani suna wasan yara. Na sama suka tare son ransu, har wani yana ƙara tsawon tsinkensa a ɓoye. Sarkin ruwan wani gari da aka zaunar a ƙarshen allon ya miƙa hannu yana jira, ko ɗaya bai iso ba. Sai aka ce a juya, na sama su koma ƙasa. Wani Alhaji mai manyan gonaki, wanda ɗazu ya fi kowa tarewa, ya zauna ya zuba wa kwarin ido, ya juya ya ce wa sarkin ruwan, "Ashe haka kuke ji?" Wani Arɗo da ke gefe, wanda ko tsinke ba a ba shi ba, ya ce, "Ku dai kun samu wurin zama a allon." Ɗakin ya yi tsit. Rahotannin da muka yi ta rubutawa ba su taɓa yin abin da wannan allo ya yi ba, don a ranar ne na ga Bahaushe da Babade da Bamange da Bafulatani sun yarda su aika wakilai da murya ɗaya.

Muryar ɗaya ma ba ta isa ba sai an san abin da za a roƙa. "A taimaka mana" ba ta da ranar cikawa, ba ta da wanda za a kama da laifi in ba a yi ba. Tawagar da ta fi cin nasara a idona ita ce wadda ta je da buƙata ƙarama mai suna: a yashe hanya kaza daga nan zuwa can kafin damina, a sanar da mu kwanaki kafin a saki ruwa daga madatsa, a rage sakin rani na wasu makonni don gindin kacalla ya bushe. Kuma sun je ne bayan sun riga sun fara da kansu. Garuruwa sun yi gayya, maza sun shiga ruwa har ƙirji da adda da lauje suna saran kacalla, mata na dafa abinci a bakin gaɓa, masu hali na kawo kuɗin mai. Shugaban ƙaramar hukuma da aka nuna wa hanyar da mutane suka buɗe da hannunsu, kunya kaɗai ta isa ta sa ya nemo motar haƙa. Aikin gayya dai ba ya gama da kacalla, tana dawowa, kuma masu shiga ruwan suna fitowa da tsargiya da yankan ganye a jiki. Amfaninsa shi ne yana ba mutane bakin magana.

Kogin ya ratsa jihohi, kowace kuma da gwamnanta da lissafinta, madatsun kuwa a hannun hukumar tarayya suke. Shi ya sa taron Damaturu na 2006 ya zama babban abu: gwamnonin Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka amince da tsari guda na kula da kogin, aka kafa asusu na haɗin gwiwa, daga baya aka tsara yarjejeniyar rabon ruwa. Shekarun da ƙungiyoyi da masu bincike da sarakuna da wakilan garuruwa suka yi suna naci ne suka kai ga wannan. Amma a shekarar da ta biyo baya aka yi zaɓe, kujeru da dama suka sauya masu su, sai an koma an fara bayani daga farko. A nan na gane darajar ma'aikacin da ba ya tashi da gwamnati: daraktan da ya san inda fayil yake, injiniyan da ke riƙe da littafin awon ruwa. Ƙungiyoyi suna son hoto da gwamna. Ni na fi son lambar wayar wanda zai rubuta wa sabon kwamishina takardar farko da zai karanta.

Akwai kuma nasarar da ba a ganinta, don abu ne da bai faru ba. Madatsar Kafin Zaki a jihar Bauchi, a kan ruwan da ke ciyar da kogin Jama'are, an fara ta an tsaya ba sau ɗaya ba, a 2008 ma an sake tayar da maganar. Tun da kacalla ta shaƙe ɓangaren Haɗeja, kusan duk ruwan da ke isa Gashuwa da Gaidam, ya bi iyakar Nijar ya shayar da tattasan Diffa, daga Jama'are yake fitowa. Manoma da masunta da makiyayan Yobe da Borno sun san haka, 'yan majalisarsu ma sun sani, kuma duk lokacin da maganar ta taso sai sun tashi tsaye. Ba zan ce su kaɗai suka tsayar da aikin ba, rashin kuɗi da sauyin gwamnati sun yi nasu. Mutanen Bauchi kuma suna da hujjarsu: suna kallon Kano ta datse nata ta yi arziki da noman rani, su ma yaransu na ƙaruwa, suna tambayar dalilin da zai sa a ce su ne za su haƙura. Har na bar aikin ban ji wanda ya ba su amsar da ta gamsar da su ba, kuma duk gwamnan da ya hau a Bauchi zai tarar da fayil ɗin yana jiransa.