Jimla ɗaya, daga hantsi zuwa isha'i

Laraba, Samaru, Zariya.

Yau aikin jimla ɗaya tak na yi. Wani ɗalibi ne ya kawo ta da hantsi, daga wata maƙalar Ingilishi da yake fassarawa kan ra'ayin Teilhard de Chardin, wanda ake furta sunansa Teyar. Ya ce, "Malam, kowace kalma na san ta, amma da na haɗa su sai ma'anar ta gudu." Kalma 47 ce, waƙafi biyar, aya ɗaya. A dunƙule tana cewa tunanin ɗan Adam yana hawa ta fuskar ruhi, kuma hawan na jinsin ne gaba ɗaya.

Kafin a buɗe ƙamus sai an san mai maganar. Teyar Bafaranshe ne, limamin Katolika kuma masanin ƙasusuwan halittun da suka shuɗe. An haife shi a 1881, ya rasu a 1955, ya kuma yi shekaru a Sin yana aikin tono. Shugabanninsa na coci sun hana shi buga rubutunsa na falsafa, sai bayan rasuwarsa babban littafinsa ya fito, fassarar Ingilishi ta biyo a 1959. A ganinsa duniya rufi uku gare ta: ƙasa da duwatsu, sai masu rai a kansu, sai rufin tunani da ya bayyana da zuwan ɗan Adam, wanda ya kira nosfiya. Ga kuma abin da ɗalibin bai sani ba: a Faransanci kalma ɗaya, esprit, tana ɗaukar hankali tana ɗaukar ruhi. Ingilishi ya raba ta biyu, mu kuwa muna da hankali, tunani, zuciya, rai, ruhi da ƙwaƙwalwa, kowanne da gidansa.

Fassararsa ta farko ita ce "juyin halittar ruhaniya na gamayyar ƙwaƙwalwar ɗan Adam". Sunaye ne aka ɗaura wa juna, babu aikatau, babu mai aikatawa. Hausa ba ta tafiya haka. Sai na sa ya kwafe jimlar da hannu, ya ja layi a ƙarshen kowace ganga, wato yankin jimla mai aikatau nasa. Ganga huɗu muka samu, muka tambayi kowacce: wa ya yi me? A nan aka gano ya tsallake ta huɗun gaba ɗaya don ta zo bayan waƙafi na ƙarshe, ya ɗauka ado ce.

Sannan kalmomin. Ƙwaƙwalwa tsoka ce a cikin kai, ta fita. Hankali a bakin Bahaushe ya fi karkata ga natsuwa da ladabi, kamar a ce yaron nan mai hankali ne. Tunani ne ya zauna. Ruhaniya kuma, mutanenmu na ji sai ransu ya tafi ga rauhanai da masu ba da taimako. Juyin halitta zai jawo gardamar Darwin da biri, mai karatu ya bar jimlar ya kama musu. Ci gaba kuwa ƙamshin kwalta da wutar lantarki yake yi.

Tarkon da ya fi daɗin faɗawa shi ne taraƙƙi. Kalma ce mai kyau, duk wanda ya zauna da 'yan ɗariƙa ya san ta: hawan bawa daga rai mai umarni da mummuna, zuwa rai mai zargin kansa, zuwa rai mai natsuwa. Amma wannan tafiyar mutum ɗaya ce, da mujahada, a hannun shehinsa, bisa falalar Allah. Teyar kuwa zancen miliyoyin shekaru yake yi, yana cewa duk lokacin da tsarin halitta ya ƙara sarƙewa, saninta da kanta yana ƙaruwa. In ka sa masa taraƙƙi ka naɗa masa rawanin da ba nasa ba, ka kuma yaudari mai karatu ya zaci Sufi yake karantawa. Na zaɓi haɓaka mataki-mataki.

Bayan azahar muka tsaya kan "gaba ɗaya", kuma nan ne ƙashin bayan jimlar. Fahimta uku take ɗauka. Ko dai kamar buhun gero, kowace ƙwaya da kanta, tarin ne kawai ya haɗa su. Ko kamar fura, an daka an dama, babu sauran ƙwaya. Ko kuma kamar aikin babbar riga da ake yi a cikin Birni: kowane zare yana nan da launinsa, amma aska takwas ba ta cikin zare ɗaya, sai sun haɗu take fitowa. Ta ukun ce tasa, domin ya nace cewa haɗuwa ta gaskiya ba ta shafe mutum, fito da shi take yi. Abin da gangar da aka tsallake take faɗa ke nan. Saboda haka narkewa da fana'i, ƙarewar kai da Sufaye ke faɗa, duk ba su shiga. Har a nahawu sai an kiyaye: "ɗan Adam yana" ya yi fura, "'yan Adam suna" ya yi buhun gero. "Tunanin 'yan Adam yana" shi ne ya riƙe duka, abu tilo, masu shi jam'i.

Ga yadda ta fito, jimla uku:

"Tunanin 'yan Adam yana haɓaka mataki-mataki. Haɓakar ba ta tsaya ga yawan sani ba, tana kaiwa ga wayewar ruhi. Ba kuma kowa shi kaɗai yake yin ta ba: gwargwadon yadda zukata suke saƙuwa da juna, gwargwadon hawansu, ba tare da wani ya ɓace cikin wani ba."

Gwajin fassara shi ne a karanta wa wanda bai ga Ingilishin ba, ya maimaita da bakinsa. Bayan magariba na karanta wa wani dattijo tela maƙwabcinmu. Ya ajiye almakashi ya ce, "To Malam, ai kamar ayar nan ce ta Suratur Ra'ad, Allah ba Ya canza wa mutane halin da suke ciki sai sun canza abin da ke zukatansu." Na ji daɗi, don ya kama batun jama'a da na zuciya. Amma na ce masa, "Baba, da bambanci." Ayar ta ɗora wa mutane nauyi, canjin kuma a hannun Allah yake, ba ta kuma yi alkawarin cewa kullum sama za a yi ba. Al'umma tana iya faɗuwa. Teyar kuwa yana ganin tafiyar ta nufi matuƙa ɗaya da ya kira Omega, wadda ya danganta da Almasihu bisa aƙidarsa. Ni ban yarda hawan tabbas ne ba, kuma abin yana damuna ganin mutumin ya ɗauki masu rauni a Yaƙin Duniya na Farko, ya ga abin da taron mutane ke iya yi. Amma wannan muhallinsa bayanin ƙasan shafi, da sunan ɗalibin, ba cikin jimlar marubucin ba.

Saura kalma ɗaya ba ta kwanta min ba. Wayewa tana jan kunne zuwa boko da zaman birni. Na rubuta "farkawar ruhi" da fensir a gefe, gobe in Allah Ya kai mu zan karanta wa Baba su biyun in ji wadda zai maimaita daidai.