Ciwo a muƙamuƙi, allura a hannu

Talata da dare, Guangzhou

Kwana 9 ke nan da saukata garin nan, kuma kwana 9 muƙamuƙina na dama bai bar ni na sake ba. Da safe ko hamma kasa yi na yi, ina buɗe baki sai ka ji ƙas a daidai gaban kunne, zafin ya harba har cikin kai. Kilishin da na yo guzuri daga Kano yana nan cikin jaka, sai dai kallo.

Tun a gida likitan haƙori ya ce min ba haƙori ba ne, gaɓar da ta haɗa muƙamuƙi da ƙoƙon kai ce, wai ina taune haƙora cikin barci. Maman yara ma ta sha faɗa, ta ce kamar ana niƙa a ɗakin. Ya ba ni wata roba da zan dinga sawa a baki in zan kwanta, ni kuma na baro ta a durowa.

Muna fitowa daga kasuwa tafintana, wani ɗalibi ɗan Zariya, ya ce "Alhaji mu je a yi maka allurar nan ta 'yan Chana mana." Na ce kai ɗana, ni da ko ta zazzaɓi sai an lallaɓa ni? Amma da ciwo ya ciyo ni, ni da kaina na ce mu je.

Wata dattijuwa ce likitar. Ta riƙe wuyan hannuna duka biyu, ta ce in zaro harshe, sannan ta danna naman kumatuna da yatsa ɗaya, wallahi saura kaɗan in yi ihu. Alluran sirara kamar gashi, sababbi a leda, a gabana ta ɓare, wannan kam ya kwantar min da hankali. Ta kafa ɗaya a gaban kunne, wurin da suke kira Xiaguan, ɗaya a kusurwar muƙamuƙi, sai kuma na ga ta kama hannuna ta soka wata tsakanin babban yatsa da manuni. Na ce tambaye ta, ciwo a baki me ya kawo hannu? Wai a iliminsu akwai hanya da ta tashi daga yatsan nan har fuska, Hegu sunan wurin. To. Mu ma dai wanzami yana yin ƙaho a ƙeya don ciwon kai.

Ba zafi sosai, wani nauyi ne da tsami-tsami. Minti 20 ina kwance ba magana ba waya, a nan ne na lura haƙorana na sama da na ƙasa sun rabu. Ashe wuni nake a datse, ina lissafin canjin dala da kuɗin kwantena ina cije baki ban sani ba. Ta ce in mutum yana zaune haka kawai leɓe ne ke haɗuwa, ba haƙora ba. Shekaruna 46 ba wanda ya taɓa gaya min.

Kafin a fara yatsu biyu ke shiga bakina da ƙyar, yanzu har da ɗan ƙari. Ƙarar tana nan dai, kuma ko allurar ce ko hutun da na samu ne, oho. Ta ce in koma Juma'a, in bar abu mai tauri, in dinga gasa wurin da tawul mai ɗumi.

Fate-faten shinkafarsu na sha da daddare. Kilishin kuma na ba yaron, yana ta godiya.