Lahadi: waina, da maganar Hajiya

Gaz ya ƙare tun daren jiya, mu da matatar mai ke nan arewa da garinmu. Abban Baffa ya ce ba zai zauna jiran a hura gawayi ba, kowa ya shirya, yau a waje za mu karya. Baffa don murna har takalmi ya sa a juye. Muka biya Birni muka ɗauko Hajiya, muka bi ta ƙofar fada, sai wajen mai wainar nan ta kusa da kasuwar Dole. Waina da miya, kunu mai zafi, Abban Baffa kuma ya tsallaka teburin mai shayi ya karɓo burodi da ƙwai. Jaka biyu da rabi, kowa ya ƙoshi har da guzuri.

Rabona da cin abinci da hannu biyu tun kafin haihuwa sai yau, don Ummi tana bayan Hajiya tana barci.

Kwana tara ya rage a koma lakwal. Hutun haihuwa na mako 14 ya ƙare tuntuni, babban hutu ne ya rufa mini asiri, ga Oktoba ta iso ba sallama. Daga ƙarfe takwas har rana tsaka ina aji, kuma ungozoma ta ja mini kunne: nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a ɗiga mata. To Ummi wata uku da rabi, ta ƙi bibiron ƙememe. Kala uku na saya. Da robar ta taɓa leɓenta sai ta turo harshe, ta banƙare, ta kalle ni kamar na ci amanarta.

Yau bayan asuba na tatsi mililita 60 na sa a jaka. An ce nonon da aka tatsa yana kai awa huɗu ba firigo, amma a zafin Damagaram na ƙarshen damina ni ban yarda in kai shi can ba. Tana motsawa na ciro.

Hajiya ta aje kofin kunu. "Maman Baffa, wannan kuma fa?"

"Nonona ne, Hajiya. Tatsa na yi, ina so ta saba kafin in koma aiki."

Ta dubi kwalbar, ta dube ni. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma da faɗa ne, da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce, "Mu dai a saninmu maraya ake ba wannan. Ita ko uwarta na da rai, ga ta nan tana cin waina."

Mai wainar ta yi kamar ba ta ji ba. Abban Baffa da gaske bai ji ba, yana can yana raba Baffa da kwalbar mayonez. Na ce "haka ne, Hajiya," don me zan ce? Wainar dai daga nan ta tsaya mini a wuya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, ita ɗin ce ta miƙo hannu. Ta ce in ba ta, in ba ta mayafina kuma, in tashi in bar wurin, muddin yarinya na jin ƙanshina kusa ba za ta kalli roba ba. Wannan ita ce maganar da ungozoma ta yi mini, sai dai Hajiya ba a likita ta koyo ta ba. Na yafa gyalen da ke cikin jaka na koma bayan mota ina leƙe. Ta karɓi ruwan ɗumi wajen mai waina ta tsoma kwalbar, ta shimfiɗa mayafina a ƙirjinta, ta zaunar da Ummi tsaye-tsaye maimakon kwantarwar da nake yi mata. Ba ta cusa mata ba. Ɗigo ɗaya ta sa a leɓe ta jira, tana yi mata kirari, wai takwararta, kishiyarta mai ƙwace mata miji. Ummi ta lasa, ta tauna robar, ta saki, ta sake kamawa.

Mililita 20 ta sha. Na duba layin kwalbar sau biyu.

A hanyar komawa Abban Baffa sai murna yake, wai an gama, matsala ta kau. Hajiya ta ce daga ranar da aka buɗe lakwal a riƙa kawo mata ita da safe, kada a kai ta gidan kowa. Sai da muka tsaya a ƙofar gidanta na tuna. Shekarar da na zo gidan nan Gwaggo ta taɓa gaya mini cewa ƙanwar Hajiya ta rasu wajen haihuwa, kuma Hajiya ce ta raini jaririn. Da me ta shayar da shi, ban taɓa tambaya ba. Yau ma ban tambaya ba, na dai riƙe mata jaka har zaure.

Da la'asar Abban Baffa ya gwada ba ta. Ta ƙi. Ihu har maƙwabta.

Gaz sai gobe. A kan gawayi na tafasa bibiron ɗin, yanzu duk warin hayaƙi yake, ban san ko shi ma zai zame mata dalili ba.