Kafin ka wuce na gabanka a siririyar hanya

Ƙannena masu ƙetare gadar Kennedy ta Yamai da sassafe zuwa tuddan Harobanda, akwai abin da nake gani a tserenku na keke da ke tayar mini da hankali. Yaro ya ji ƙafarsa da ƙarfi, ya ga na gabansa ya fara haki, sai kawai ya cusa tayarsa a gefe bai ce uffan ba. Hanyoyin nan kuwa awaki da masu itace suka fitar da su. Kan keken hawan dutse na yanzu faɗinsa ya haura santimita 70, kekuna biyu a jere kenan suna son wajen mita ɗaya da rabi, alhali wani wurin hanyar ko rabin mita ba ta kai ba.

Da irin wannan gaggawa na jefa wani yaro cikin aduwa a wata gangara. Kan kekena ya sarƙe da nasa, tsakuwar marmara ta kwashe tayarsa, ƙashin kafaɗarsa ya karye. Ni ne babba, ni ne a baya ina ganin komai, shi kuwa bai ma san na matso ba. Har yau abin yana damuna. Wanda ke baya shi ke da ido, don haka alhakin wucewa yana wuyansa.

Wurin wucewa tun kafin tsere ake zaɓarsa. Ka zagaya hanyar a hankali, ka san inda ta buɗe. Hawa ya fi gangara, domin gudu kaɗan ne, in an goga kafaɗa ƙafa kawai za a sauke. Saman tudu inda fako ya shimfiɗu ma yana da kyau. Amma kwana, da gangara mai tsakuwa, da yashin ƙorama inda tayar gaba ke yawo ba da iznin mai ita ba, nan ka haƙura ka bi baya, ka sha ruwa, ka huta. Ƙarfin da ka ajiye zai yi maka rana a hawa na gaba.

Sannan ka yi magana. “Ina bayanka, zan bi ta hagu.” Ka jira ya amsa ko ya gyaɗa kai. Kai kuma da za a wuce, ka riƙe layinka, kada ka karkace don tsoro ko don ƙeta. In wurin bai yi ba, ka ce “bari mu fita kwanar nan.” Dokar UCI, hukumar tseren keke ta duniya, ta hana tare wa wanda ya fi ka gudu hanya, musamman in ya riga ya ba ka zagaye guda.

Na san abin da za ku ce: Tom Pidcock fa? E, a wasannin Olamfik na Faris a 2024 ɗan Ingilan nan ya kutsa wa Victor Koretzky na Faransa a zagayen ƙarshe, cikin itatuwa, har suka gogu, ya ɗauki zinariya, Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya zo na uku. Amma ku lura, a nan hanyar ta rabu biyu a gindin itace, ya bi ɓangaren da ɗayan ya bari. Ya san kowane taku na wurin, akwai alƙalai, akwai likitoci a kusa. Duk da haka 'yan kallo sun yi ta masa ihu. Mu a Harobanda in yaro ya karye, a bayan babur za a goyo shi har asibiti, kowane rami yana ji a ƙashinsa.

Da hunturu ku ƙara tazara, ƙurar na gaba tana rufe dutse da rami. In kuma kun haɗu da mai jaki ko baiwar Allah da damin itace a ka, ku taka birki, na gaba ya ɗaga hannu don na baya su gani, ku gaishe ta, ku bari ta wuce tukuna.