Godiya bayan dawowa daga Gwanja

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, na sauka Kano lafiya, ni da babur ɗina, bayan bin tsohuwar hanyar fataken goro har Salaga ta yankin Gwanja a ƙasar Gana.

Godiyata ta farko bayan Allah ga Hajiya mahaifiyata take. Ba ta so tafiyar ba, amma da ta ji ina son in ga inda kakanninmu suka bi da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi su dawo da huhunan goro, sai ta sa mini albarka. Uwargida, ke kika riƙe gida, Allah ya saka miki.

Daga Kwantagora na gangara Sabuwar Busa. Tsohuwar Busa tana ƙarƙashin ruwa tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, sai a bakin dattawa ake jin kamanninta. Baba da ka zaunar da ni kana kwatanta mini inda ayari ke fito a kogin Kwara, na gode. Na ƙetare iyaka a Cikanda zuwa Nikki ta ƙasar Benin, sai Zugu, wato Djougou, sai Kara a Togo, na shiga Gana ta Tatale.

Tsakanin Yendi da Bimbila sarkar babur ta tsinke da la'asar sakaliya, a jar hanya mai ƙura. Wani yaro ya taya ni turawa, wani bakanike ya buɗe shagonsa bayan ya riga ya tashi, ya haɗa ta da hasken tocilan. Na miƙa masa sidi, kuɗin Gana, ya ƙi karɓa, ya ce baƙo ne ni. Ɗan'uwa, ban manta ba.

Mutanen zango, da ku nake yanzu. Kusan ko'ina na tsaya, da zarar na yi sallama da Hausa sai a ce ga ruwa, ga tabarma. A Salaga malamai suka zagaya da ni tsofaffin rijiyoyi da wurin da aka riƙa sayar da bayi, ba su ɓoye mini komai ba. Su suka ba ni labarin yaƙin basasar 1892 da ya watsa kasuwar, har malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya bar Salaga ya koma Karaci, wato Kete-Krachi ta Gana, inda ya rasu a 1934. A ganina wannan tarihi namu ne, bai kamata a ce sai a littattafan Turawa matasanmu za su same shi ba. Shi ya sa da Hausa zan rubuta labarin tafiyar, kuma duk wanda na ɗauko magana daga bakinsa sai na nemi izininsa kafin in buga.

Masu bibiyata da addu'a, da waɗanda suka tura kuɗin mai ban roƙa ba, Allah ya biya ku. Babin farko, daga Kano zuwa Busa, zai fito da zarar na gama kwafe rubutun da na yi a hanya, in sha Allahu.